Sunan da Jirgi Ya Haɗiye

Gumel zuwa Kano

Asubar Talata, ko kaji ba su sauko ba, na hau mota daga Gumel. Ni ban yi boko ba, ina faɗa ne ana rubuta muku, kuma kada a gyara mini magana. Abin da ya tashe ni, babban ɗana da ke gadi a Qatar ne. In na yi masa magana a waya, sai "Na'am? Na'am?" kamar mai raina ni. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba, a nan ma ba za ku ji shi ba. Na ce sai na je na gani, raini ne ko ciwo. Shingen 'yan sanda uku muka wuce kafin Kano, gwiwoyina har sun yi tsami.

Doha

Daga Kano jirgi ya kawo ni. Ƙaninsa Sani, direba, shi ya tarbe ni, ya sauke ni a unguwar Najma, ɗakin wata 'yar Kumasi matar abokinsa. Shinkafa ta kawo mini, yaji kamar an yi faɗa da mai girkin. Na dama garin kunun da na ƙunso.

Na ce wa Sani, "Ina yayanka?"

"Inna, yana can bakin teku. Sai Juma'a yake shigowa."

"Ba Juma'a na zo gani ba. Gobe ka tada mota."

Bakin teku

Tafiyar awa guda muka yi, yashi hagu, yashi dama. Wuri ne da hukuma ta killace saboda tsuntsaye, itatuwa tsaye cikin ruwan gishiri. Daf da shingen akwai fili inda jirgi mai saukar ungulu ke kwasar baƙi, ya zaga da su sama su yi kallo, ya dire, ya kwashi wasu. Nan ɗan nawa yake gadi. Tsuntsun kuwa ban ga ko ɗaya ba. Wani dattijo mai raƙuma ya ce wa Sani taguwarsa ta daina ba da nono don firgita, shi kam tashi zai yi. Ya kaɗe hannu: "Khalas," wai shi ke nan.

Sai ga babban nawa ya taho, ya durƙusa. Na kawar da kai kamar kullum, na ce, "An same ku lafiya?" Bai amsa ba. Na saci kallonsa, ashe bakina yake kallo, ya karkato kunnen hagu, na dama cushe da auduga. Ba raini ba ne.

"Sani, gaya wa wancan ya tattara kayansa."

Sani ya ɗaga murya ya maimaita.

Yayan ya ce, "Sai kwantiragi ya ƙare, Inna, bayan Babbar Sallah."

Kafin in buɗe baki, ƙasa ta ɗauki rawa. Jirgin ne ya dawo. Ɗan nawa ya miƙe da gudu zai buɗe ƙofa, ya nufi cikin ƙarar nan. Ban san sa'ad da na tashi tsaye ba, na kwarara masa kira, da sunansa na yanka. Sani ya dafe baki. Shi kuwa ko waiwaye.

Gida

Na iso Gumel da la'asar, kunnena na ta shuuu. Na gode wa Allah da ya maido ni, na gode wa 'yar Kumasi, yajinta na yafe. Ina nan ina jiran Sallah, Allah ya sa ya dawo da sauran kunne. Sunan nan dai sau ɗaya na faɗe shi a duniya, Sani ya ji, raƙuma sun ji, mai sunan bai ji ba.