Tantunan da Na Kai Tiga

Asabar, Fagge zuwa Sabon Gari

Ƙarfe biyar da kwata muka fito daga gida, ni da ɗana Anas, ko gari bai waye ba. Adaidaita sahu biyu na ɗauka, ɗaya mu, ɗaya tantuna shida da na ɗinka wa ƙungiyarsu ta 'yan sikawut. Anas shekararsa goma sha ɗaya, yana da in'ina mai tsanani, a aji ko hannu ba ya ɗagawa. Wata uku ya yi yana haddar alkawarin sikawut a gaban madubi, don ranar Lahadi da safe zai faɗe shi a gaban jama'a a ɗaura masa ƙyallen wuya. Sau ɗaya ake wannan a shekara, a wurin zango.

Shida saura kwata muka isa harabar makarantar da ake taruwa a Sabon Gari. Shugabansu, Malam Emeka, haifaffen unguwar ne, Hausa kamar jakin Kano. Tun farko tantin tampol ya so a yi haya, ni na hana, na ce ina da yadi mai kauri a shagona na kasuwar Kwari. Ya murza shuɗin yadin da yatsa.

"Alhaji, wannan zai riƙe ruwa kuwa?"

"Malam Emeka, shekara ashirin ina sayar da yadi. Ka bar mini wannan."

Ya bar mini. Wallahi da ya yi mini gardama da ya taimake ni.

Hanyar Zariya

Bakwai daidai bas biyu suka tashi, yara ashirin da huɗu, iyaye tara. Cunkoson Bata ya ci mana minti ashirin. A shingen 'yan sanda kafin Kura direbanmu ya ce, "Oga, 'yan sikawut ne," ɗan sandan ya sara wa yaran, suka ɗauki ihu. A Chiromawa muka sayi gurasa da rake. Anas yana gefena yana motsa baki, yana bita. Tara da rabi muka sauka a wani fili kusa da dam ɗin Tiga, tafiyar kilomita saba'in da wani abu.

Tiga

Da aka kafa tantunan sai ga su shuɗi shar, gwanin kyau. Iyaye suna ta ɗaukar hoto, ni kuwa ina ta baza babbar riga ina amsa gaisuwa kamar ni na gina dam ɗin. Anas ya riƙa nuna wa abokansa yana cewa na babansa ne.

Muna idar da La'asar hadari ya taso daga gabas. Aka kora yara cikin tantuna da jakunkunansu. Minti goma ba a yi ba yadin ya sha ruwa ya fara ɗiga, kuma ba ruwa kaɗai ba, rinin ne ya saki. Na san yadin nan yana zuba, na sha gaya wa masu saye su wanke shi daban, amma ban taɓa kawo wa raina ruwan sama wanki ne ba. Tantuna huɗu suka rufta saboda nauyi. Yara suka fito suna kuka, fuska shuɗi, kaki shuɗi, barguna sun jiƙe sharkaf, garin tuwo da shinkafar da aka zo da su duk sun lalace. Wata uwa ta dube ni ta ce, "Alhaji, ka kyauta." Ban iya ɗaga kai ba.

Mai gadin wata firamare a wani ƙauye da ke kusa ya buɗe mana aji biyu, matarsa ta dama mana kunu ta ƙi karɓar ko sisi. A kan benci muka kwana.

Lahadi, komawa

Gari ya waye yara uku da zazzaɓi. Iyaye suka ce ba wani taro, a tafi kawai. Na ja Malam Emeka gefe.

"Don Allah ko minti biyar, a bar yaron nan ya faɗi abinsa."

"Alhaji, dubi iyayen nan. Wa zai tsaya? Ka yi haƙuri."

Gaskiyarsa ne. Takwas da kwata muka kama hanya. A bayan bas wasu yara suka fara kwaikwayon maganar Anas, suna cewa ta-ta-tantin babana. Malam Emeka ya tsawatar musu, amma an riga an yi dariyar. Tun daga Tiga har Titin Ibrahim Taiwo idon Anas yana kan taga. Ban taɓa jin na tsani kaina irin ranar ba.

Gida

Sha ɗaya saura muka shiga Fagge. Da yamma Malam Emeka ya kira, ya ce zai karya ƙa'ida a ɗaura wa Anas nasa ƙyallen ranar Asabar a makaranta. Na shiga ɗaki da murnata na gaya masa. Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito.

"Ba-Baba, ka ce masa ya cire sunana."

Na lallashe shi, uwarsa ta lallashe shi, har yau bai koma ba.

Mun gode Allah da ya dawo da mu lafiya, yaran nan uku ma sun warke. Ina godiya ga mai gadi da matarsa, da Malam Emeka da bai taɓa goranta mini ba. Duk Asabar yana kira ya tambayi Anas, ni kuma kullum sai in ce masa wataƙila mako mai zuwa.