Keken da ba shi da tanki

A rediyo muka fara jin labarin, wai gwamnati ta ba wasu kamfanoni rance su riƙa ƙera motoci da kekuna masu aiki da lantarki. Ni dariya na yi, don a lokacin mun yi makonni ba mu ga wuta ba. Amma yayana, wanda ke jan keke mai ƙafa uku tsakanin Jega da Aliero, tsadar mai ta riga ta gama da shi. Da kekunan suka iso ta hannun ƙungiyarsu, sai ya sayar da nasa ya karɓi sabo. Na ce masa ya dakata, ya ce ni baƙauye ne. To, na ƙyale shi.

Keken kam kyakkyawa ne, ba ƙara ba hayaƙi. Sai dai wurin mai janareta yake kai shi caji, man da ya gudar wa shi yake saye a fakaice.

Shekarar nan na ɓoye albasata a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, a ƙauyenmu Danwarai har farkon damina, ina jiran ta yi daraja. Rabi ya lalace a ajiya, abin da ya saura shi ne cin gidana na shekara. Ranar kasuwa Yaya ya ce ba zan ɗauki hayar kowa ba yana raye. Muka labta buhuna yadda aka saba, har bisa rufi. Ashe batir ba ya son nauyi.

Muna tsakiyar hanya keken ya tsaya cak, ga hadari ya haɗo daga gabas. A wurinmu in mai ya ƙare, karkata abin hawa ake yi a hura tanki, ɗan ragowar ya kai mutum gari. Wallahi haka muka yi. Muka kama keken nan muka karkata shi, mu biyu, manya da gemu. Yaya ya zagaya yana laluben inda zai sa baki, sai ya tsaya da hannunsa bisa ƙarfe.

Ya ce, "Ƙanena, babu wurin hurawa."

Ruwa ya sauko. Muka tuɓe riguna muka rufa wa buhunan, aikin banza. Na zagi Yaya ranar nan, zagin da ban taɓa yi wa wanda ya girme ni ba.

Albasar da ta sha ruwa cikin buhu ba ta kwana da yawa. Da muka samu muka dawo da ita, na zazzage ta a tsakar gida ina tsintar mai rai, hannuna na nutsewa cikin ruɓa, baƙin ciki kamar ya kashe ni. Yaya ya zo ya durƙusa yana taya ni, ba mu kai kwando biyu ba.

Bayan sati matarsa ta aiko mini cewa ya bi motar shanu zuwa kudu neman aiki. Ya sallami kowa a gidan, ni kaɗai ne bai sallama ba.