Kaka Sake-Shigowa da Jikarta

Yaran layin ne suka raɗa mata Sake-Shigowa, a bayan idonta mana, wa ya isa ya faɗa a gabanta? Tsohuwar sakatariya ce. Rabin rayuwarta a teburin bakin ƙofar ɗakin intabiyu ta yi shi, tana kallon masu neman aiki suna shiga, su fito jiki a sanyaye. Da ta yi ritaya sai ta share garejin gidanta, ta sa tebur da kujeru, ta ce duk yaron da aka kira intabiyu, na aiki ko na makaranta, ya zo ta gasa shi tun kafin a gasa shi a can.

Ka ƙwanƙwasa, ka shigo. Ka ja ƙafa? "Sake shigowa!" Ka zauna ba a ba ka izini ba? "Sake shigowa!" Mijinta, tsohon direba, shi ne ke zama shugaban kwamitin intabiyun gwajin. Takan ɗora masa tabarau ta ce ya haɗe rai. Ina! Bawan Allah, kowa ya shigo sai ya ce an ɗauke shi. Ran nan har mai gyaran famfo ya ba gurbin karatu.

Sai ga shi an kira jikarta, wadda ta raina tun daga yaye, intabiyun makarantar koyon jinya. Yarinya ta ci jarrabawa, wannan kaɗai ya rage mata. Amma da ta zauna gaban tebur sai ta dunƙule, ido a ƙasa, murya kamar ta sauro.

"Me kika iya?" in ji Kaka.

"Ba komai."

"Ba komai! To uban me za su yi da ke?"

Abin ya ci wa Kaka rai, don ta san aikin hannunta ne. Ita ta koya mata babba na magana ba a ɗaga ido, kuma yabon kai jahilci. Ga shi tarbiyya ta kama fiye da kima. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, a banza.

Ana jibi intabiyu ta ja mijin nata gefe, ta ce yau in ya yi murmushi ba shi ba shayi. Ya gyara tabarau, ya dubi jikarsa, da ƙyar ya iya cewa, "Ke yarinya, ba mu ga alamar kin taɓa kula da mara lafiya ba. Je ki."

Kai! Sai ga kai ya ɗago.

"Ni? Wa yake wanke maka ciwon ƙafar nan kullum da safe? Wa yake auna maka suga? Ran da ka faɗi a banɗaki, wa ya kwantar da kai ta gefe kafin a samo mota?"

Tsoho ya cire tabarau ya ce, "An ɗauke ki, a yi haƙuri."

Kaka ta buga tebur. "Yauwa 'yar albarka! Haka za ki faɗa musu, amma ki rage harara."

Haka kuwa ta faɗa musu, aka ɗauke ta. Ranar da saƙo ya shigo waya, babu ƙofar da Kaka ba ta buga ba a layin, har ɗankwali yana zamewa. Ta dawo tana haki, ta tarar da yarinyar a tsugune gaban kakanta, tana naɗe masa ƙafa tana cewa kada ya riƙa jiƙa bandejin in ba ta nan.

In ba ta nan. Sai a lokacin Kaka ta tuna makarantar a wani gari take, kuma can za ta zauna. Ta jawo kujera ta zauna kusa da su, ta miƙa hannu.

"Warware," ta ce. "Nuna min yadda ake naɗawa."