Awon Idon Baba

Babanmu bai taɓa kiran sunan yayana ba, saboda shi ne ɗan fari. In magana ta kama dole sai ya ce "wancan," in kuma ransa da daɗi ya ce "mutumin naku." Ko waya aka miƙa masa aka ce Yaya ne, nan take zai tuna akuyarsa ba ta sha ruwa ba, ya miƙe. Haka suka taso a Kwatarkwashi, ba kuma wanda ke ganin abin ya yi yawa sai ni.

Amma yana karanta wasiƙarsa. Tun da Yaya ya tafi kudu aikin haƙa rijiyoyin burtsatse, duk sati yake turo saƙo ta wayata, ni kuma in buga a takarda a Gusau, inda nake koyarwa, in kai gida ranar Asabar. Baba zai karɓa bai dube ni ba, ya cusa a aljihu kamar takardar banza, sai bayan la'asar ya shige zaure shi kaɗai. Ba ya yarda kowa ya karanta masa. A ce shi yana zaune, wani na furta masa maganar ɗan farinsa a kunne? Gara a ce babu wasiƙar.

Idonsa ya soma rauni tun kafin tafiyar Yaya, likita kuma ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire. Shi ya sa Yaya ya haɗa wata 'yar manhaja a kwamfutar da ya bar mini. In na zuba mata rubutu sai ta kumbura haruffan, ta ware tsakaninsu, ta yanka kowane layi kalma uku ko huɗu, ta ja wani baƙin sanda a gefen hagu don ido ya gane inda layi ya fara. Kafin ya tafi, Asabar uku muka yi muna awon. Yaya ya bugo shafuka iri-iri ya zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida, ni ke shiga da su zaure ina fitowa da amsa. A ƙara kauri. A rage faɗi. Ran da aka dace Baba ya ce, "To, wanga ya yi," ya ci gaba da jan carbinsa. Yaya ya yi ta murmushi har muka hau mota.

Ni na ɓata abin, ba na ɗora wa kowa. Na sa filash ɗin makaranta, ɗan abin kwasar takardu, a kwamfutar, ta kwaso cuta, ta koma sai ta yi minti goma kafin ta buɗe. Yaya ya taɓa gargaɗina kada in bari kowa ya yi mata fomatin, wato ya share ta kakaf, sai na gaya masa, to amma inda yake sai a kwana biyu babu sabis, ga jarrabawar yara ta matso. Na kai ta wurin wani mai gyara a bakin kasuwa, ya ce sai an share komai an ɗora mata sabuwar babbar manhaja. Na kwashe tambayoyin jarrabawa, na kwashe hotuna, na kwashe 'yar manhajar Yaya, na ce masa bismilla. Har ina yaba wa kaina da wayo.

Kwamfuta ta dawo tana gudu kamar sabuwa. Na danna manhajar Yaya, wani baƙin allo ya ɗan leƙo ya ɓace. Na sake dannawa, haka. Na kashe na kunna, na cire na mayar, na danna a hankali, na danna da fushi. Sai da na ɗauki allon hoto da waya kafin in kama abin da yake faɗa, wai akwai wani abu da take nema ba ta samu ba. Na koma wurin mai gyara. Ya duba, ya sosa ƙeya ya ce, "Malama, wannan haɗin gida ne, wanda ya haɗa shi kaɗai ya san cikinsa." Na so in tambaye shi me ya hana shi faɗin haka tun kafin ya share, sai na tuna ni ma ban tambaya ba.

Kwana huɗu ina bin bayanan mutane a intanet, rabin Turancin bai shige ni ba. Wannan ya ce a sauke kaza, wancan ya ce kada a kuskura. Na sauke duk abin da aka ce. A rana ta biyar manhajar ta buɗe, har na yi hamdala da ƙarfi. Na zuba mata wasiƙar satin, sai ta amayo rubutun a dunƙule, ƙanana kamar an watsa gero, babu sanda, babu yankan layi.

Na tura wa Yaya saƙo ina kame-kame. Amsarsa ta zo bayan kwana biyu, da murya, ƙarar inji na tashi a bayansa. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da na ji sauƙi. Ya ce awon yana cikin wani ɗan fayil ne daban, a wata ma'ajiya da ba ta nuna kanta, kuma ta tafi da sharar. Ya gaya mini inda zan rubuta sababbin lambobi. Lambobin kuwa, ya ce, wallahi ya manta su.

Asabar ta farko na je hannu wofi. Baba bai tambaya ba, ba zai taɓa tambaya ba. Sai dai da zan tafi ya ce, "Ba ki mance komi cikin jikkarki ba?" Na ce a'a. Asabar ta biyu na kai masa wasiƙar da na ƙiyasta awonta da ka. Da na dawo ya ce, "Rubutun ga ya cuɗe." Na ce injin ne ya lalace, yana hannun mai gyara. Na ƙara girma, ya ce layin na tsere mai. Na rage, ya ce kamar tururuwa. Wasiƙu huɗu suka taru a aljihunsa bai san abin da ke cikinsu ba, ni kuwa na sani, kuma ba ni da bakin faɗa masa. A cikin ta ukun Yaya ya rubuta cewa matarsa na da ciki.

Inna ce ta cece ni. Tana sane da gwangwanin da yake ajiye tsofaffin wasiƙun a ƙarƙashin gado. Ran nan yana masallaci ta zaro ɗaya ta tura mini cikin gyale. "Ki maido ta kahin shi ƙirga," in ji ta, "don ƙirgawa shikai."

Takardar ta yi laushi don yawan buɗewa, ga sawun babban yatsa a gefen kowane layi. Na ɗauko rular da nake koya wa yara awo da ita, na auna tsayin harafi, na auna tazarar layi, na auna kaurin sanda. Na sake buga wannan tsohuwar wasiƙa kalma da kalma, in je shagon buga takardu a fitar, in haɗa sabuwa da tsohuwa in ɗaga su a hasken taga. Na yi sawu ya fi goma, har mai shagon ya daina gaishe ni da kyau. Ranar Alhamis haruffan suka hau kan juna daidai, ko gashi ba zai ratsa ba. Na zauna na yi kuka kaɗan, na daɗi.

Ranar Asabar na miƙa masa wasiƙu biyar sababbi fil. Bayan la'asar ya shiga zaure. Ba a jima ba sai na ji ya kira ni, abin da bai taɓa yi ba a irin wannan lokaci. Na same shi ya matso bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, takardar kusan a kan hancinsa.

"Har yanzu injin ga bai gyaru ba," ya ce.

Raina ya ɓaci. Ni da na auna da rula? Tsohuwar wasiƙar na cikin gyalena, ban kai ga mayar wa Inna ba. Na zaro ta na miƙa masa na ce, "Gwada wagga, Baba."

Ya karɓa, ya kai ta haske, ya matso da ita, ya nesanta. Ita ce wadda ya karanta har ta yi laushi, yatsansa ma ya sauka daidai kan tsohon sawunsa. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙo mini.

"Wagga ma duk ɗaya. Ki hwaɗa ma mai gyaran shi sake dubawa."

Na tsaya riƙe da takardar. Duk satuttukan nan ina faɗa da kwamfuta, ina zagin mai gyara a zuci, ashe idon ne ya wuce inda Yaya ya auna shi. Babu lambar da zan rubuta ta dawo da shi. Na ji tsoro, na ji tausayinsa, na kuma ji kunyar gwajin da na yi masa.

"To, Baba," na ce. "Zan gaya mai."

Ya tattara wasiƙun biyar ya daidaita bakinsu a kan gwiwarsa. Na ɗauka aljihu zai mayar, sai ya miƙo mini su, fuskarsa na kallon bango.

"Tahi ki karanta ma uwarki. Ki ɗaga murya, kin san ba ta ji sosai."

Inna kuwa tana jin motsin ɓera daga ɗaki na uku. Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake, na zauna kusa da katangar zaure na fara daga ta farko. Ita ma ɗan farinta ne, ba ta ɗago kai ba ko sau ɗaya. Da na zo kan maganar cikin, hannunta ya tsaya a faifai. Daga bayan katanga na ji ƙarar carbi ta ɗauke. Na dakata, ban san ko in wuce ba. Sai Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Uwarki ba ta ji wurin nan ba. Maimaita mata."