Garba Mai Bodi da Motar Majema

Malam Garba ɗan maƙera ne daga wani ƙauye a ƙasar Kumbotso. Ubansa fartanya da lauje yake ƙerawa, shi kuwa tun yana saurayi ya gudo birni ya kama aiki a wani kamfanin kwanuka a Bompai. Shekara shida yana tsaye gaban injin da ke buga faranti, har kunnensa na dama ya daina ji sosai. Da ya gaji, sai ya koma wurin wani mutumin Filato mai suna Habila, wanda ke gyaran bodin mota a bayan kamfanin. A hannunsa ya koyi miƙe shasi, wato ƙarfen nan da injin da ƙafafun mota suke zaune a kansa. Bayan Habila ya koma gida, Garba ya kwashe gudumominsa ya kafa rumfa a Sharada, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya.

Tsamiyar ce rabin aikinsa. In aka kawo motar da ta yi karo, sai ya ɗaure gindinta da sarƙa a jikin wani turken ƙarfe, ya ɗaure gaban a jikin bishiyar, ya gasa inda ya lanƙwashe da wutar gas, sannan ya riƙa ja da jek kaɗan-kaɗan. Da zare yake awo, daga kusurwa zuwa kusurwa. Direbobi suna cewa ba a yi masa ƙarya, domin da ya leƙa ƙarƙashin mota zai faɗa maka ko gada ka daka ko saniya.

A bazarar 1979 wani direba mai suna Shu'aibu ya kawo masa akori-kura ta wani kamfanin jima da ke Challawa. Ta shigo da ƙafarta, tana warin fata. Garba ya zagaya ta sau biyu. Bamba lafiya, fitilu lafiya, ko fenti bai kwarzane ba.

"To me ya same ta?"

"Hagu take ja, Malam. In na saki sitiyari sai ta nufi kwata."

Garba ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi da zarensa. Ya daɗe bai fito ba. Ƙarfen gaba na hagu ya koma baya da faɗin yatsa huɗu, ya naɗe kamar an murɗe tsumma. Irin wannan lanƙwasa sai motar da ta yi gaba da gaba da tirela, wadda ake ciro direbanta da gatari. Ya fito ya kakkaɓe riga.

"Shu'aibu, me ka buge?"

Shu'aibu ya dubi ƙasa. Ya ce ranar Juma'a ne, rana tsaka, kowa ya tafi masallaci, shi kuma an matsa masa ya kai fatu Bompai. Ya baro kamfani kenan, hanya fayau ba kowa, sai ga mutum tsaye a tsakiyar titi ya ba shi baya. Ya taka birki amma ina. Ya ji dukan har cikin haƙoransa. Ya fito, ya duba gaba, ya duba ƙasa, ya bi kwata da ƙafa har ya yi nisa. Ba mutum, ba jini, ko takalmi babu.

"Wa ka gaya wa?"

"Ku ne na farko."

Garba bai ƙara tambaya ba, ya ce ya dawo bayan kwana uku.

Kwana biyu yana fama. Ya gasa ƙarfen har ya yi ja, ya ja sarƙa har tsamiya tana zubar da ganye, amma ko ƙwayar gero bai motsa ba. A rana ta uku, wajen azahar, maƙwabtansa masu walda da mai faci suka tafi salla, wurin ya yi tsit, sai gurnanin injinan masaƙa daga nesa. Yana durƙushe yana kunna gas, ya ji an ja benci a bayansa.

Wani mutum ne ya zauna, da farar riga mai tsabta, ba hula. A idon Garba bai wuce shekara talatin ba. Ƙafarsa ta hagu ya miƙe ta gefe guda, a karkace daga gwiwa, yana dafe da ita da hannu biyu. Garba ya yi masa sannu, ya ɗauka mai jiran mota ne.

Mutumin ya ce, "Ba nan za ka gasa ba. Matsa baya kaɗan."

Maganar a hankali ya yi ta, kuma ta wajen kunnen da ba ya ji, amma Garba ya ji ta tar. Shi da ba ya son a koya masa aiki, sai ya ga hannunsa ya matsar da wutar.

"Yawwa. To ja. A hankali, don Allah."

Garba ya taɓa jek. Ƙarfen da ya gagare shi kwana biyu ya fara tafiya kamar danƙo. Duk ja ɗaya sai ya ji mutumin ya ja numfashi ta haƙori. Gumi ya karyo wa Garba, ya kama karanta duk abin da ya zo bakinsa, amma bai waiwaya ba, bai kuma saki jek ba. Can shasin ya yi wata ƙara, ƙas, mutumin ya ce, "Ya isa."

Garba ya ɗora zare. Kusurwa da kusurwa sun yi daidai. Da ya ɗago, mutumin ya riga ya miƙe yana tafiya wajen titi, ƙafa biyu garau, ba ko ɗingishi. Ya bi bayan wata katanga, shi ke nan.

Hajjo mai shinkafa da wake, wadda rumfarta ke kallon tasa, ita kaɗai ce ba ta tashi ba. Garba ya ƙarasa wurinta ya ce ko ta ga wanda ya zauna a bencinsa.

"Tsohon nan mai furfura? Na gan shi mana. Na ce masa ga abinci, bai ko kalle ni ba."

"Tsoho?"

"Tukuf. Ai na zaci babanka ne ya zo daga ƙauye."

Garba ya kwanta zazzaɓi mako guda. Shu'aibu ya zo ya ɗauki mota a hannun mai faci, kuma an ce ba ta sake ja ba har aka sayar da ita. Shi dai Shu'aibu bai ƙara wata uku yana tuƙi ba, ya roƙa a mayar da shi gadin ƙofa.

Garba ya koma bakin aiki, ya ƙara shekara takwas kafin hasken wuta ya cinye masa ido. Abin da mutane suka lura da shi kawai, ya daina aiki tsakanin azahar da la'asar, kuma ya sayar da bencin, masu jira sai dai su zauna kan taya. Labarin kuwa bai ba kowa ba sai 'yarsa Amina, lokacin da take jinyarsa a Kumbotso. Ta tambaye shi ko mutum ne ko aljan.

Ya ce, "Ban sani ba, Amina. Ni dai na san yana jin ciwo."