Man Gyaɗarmu a Bakin Ƙorama

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da ruwa ya tare mu da man gyaɗar sojoji ba.

Lokacin ni ce shugabar ƙungiyar mata masu matsar mai a ƙauyenmu, kusa da Gangara. Muka samu kwangilarmu ta farko: mu kai man gyaɗa wani barikin soja, har ƙofar sito, kafin ranar da aka yanka. In ranar ta wuce, kwangila ta mutu. Mata suka yi ta suya da matsa har hannuwansu suka yi kanta, kuma sai a ranar ƙarshe muka cika jarkokin.

Tsakiyar damina ce. Muka taso da safe a mota, ni da direba, muka tarar ƙorama ta cika ta cinye hanya. Direba ya sauka ya dubi ruwan, ya dawo yana girgiza kai.

"Hajiya, in na shiga, da mu da man duk sai gari na gaba a tsince mu."

Na zauna kan jarka. Marigayi mijina ya taɓa irin wannan sana'a, na san kafin a sauya kalma ɗaya a kwangila sai ya yi makonni yana bin buro-buro, wato ofisoshi, a Maraɗi neman sa hannu. Da me zan koma in dubi matan nan?

Na kira sojan da ke kula da sayen abincin barikin a waya, na gaya masa halin da muke ciki.

Ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki. Yanzu ba a yawo da takarda. Ɗauko hoton ruwan ki aiko mini. In na shigar da shi cikin na'ura, ita za ta kai wa kowane babba da ya kamata ya amince, kuma ta gyara kwangilar da kanta."

Gaskiya na ɗauka lallashina yake yi. Na dai aika.

Muna idar da azahar saƙo ya shigo da Faransanci. Direba ya karanta, ya fashe da dariya. An sauya wurin karɓar kaya, an mayar da shi nan bakin ƙorama inda muke.

Kafin la'asar sai ga motar sojoji mai manyan tayoyi ta keto ruwan. Labari ya riga ya kai ƙauye, mata suka zo da gudu, wasu da goyo. Sojoji na loda jarkoki, mata na guɗa. Wata tsohuwarmu ta kwance ƙuliƙuli daga bakin zane tana cusa musu a aljihu, tana cewa sun rame. Na yi dariya har da hawaye.

Tun ranar na koyi cewa in hanya ta toshe mini, kafin in zauna kuka, in fara buɗe baki in tambaya. Abin da na sani a da ba lalle ne yana nan yadda na bar shi ba.