Rigar da Na Kai Rogo

Ina da shekara goma sha tara karan dawa ya tsone mini idon hagu a gonarmu da ke ƙauyen Turawa. Girbi muke yi, na sunkuya zan ɗauki dami, shi ke nan. An yi na gida, an kai ni asibiti a Kano, idon dai bai dawo ba. A lokacin ana kashe fam da sule, kuma shekarata huɗu ke nan ina koyon ɗinkin babbar riga a zauren kawuna a Karaye.

Da na koma aiki sai allura ta juya mini baya. In nufi kafarta da zare, ya wuce ta gefe. In soka a nan, ta ɓullo a can. Wata guda na yi ina fama da aljihun wata riga ta wani malami a Rogo. Ran nan na jefar da ita, na shige ɗaki, na ce na bar ɗinki har abada.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya ƙarasa rigar da kansa, ya naɗe ta, ya jingine mini kekensa a bakin ƙofa.

"Tun da ba ka ɗinki, ai ka yi aike," in ji shi. "Ƙafafunka dai lafiyarsu lau."

Na isa Rogo da hantsi, na tarar malamin ya tafi ta'aziyya Falgore. A ƙofar gidan wani dattijo ne zaune yana tufka igiyar rama, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafarsa. Yayan malamin ne, kuma makaho. Muka gaisa, ya tambayi gajiya da mutanen Karaye, sannan ya ce in miƙo rigar ya gani. Haka ya ce, ya gani.

Ya goge hannunsa, ya bi ɗinkin da yatsu a hankali, ya daɗe a wajen aljihu.

"Mutum biyu suka yi aikin nan," ya ce. "Nan hannun babba ne, ya san hanya, gudu yake. Nan kuwa mai shi da fushi ya yi, amma bai tsallake ko zare ɗaya ba. Wane ne?"

"Ni ne, Baba. Amma na daina. Ido ɗaya ya rage mini."

Ya saki igiyar ya yi dariya har da tari.

"Ɗaya cur? Kuma yana gani?"

"Yana gani."

"To faɗa mini, samari, wane launi ne rigar ƙanen nawa?"

Na ce shuɗiya ce, zaren kuma fari. Ya ce shuɗi yana cikin abin da yake tunawa, domin yana ɗan shekara bakwai cutar agana ta tafi da idanunsa biyu. Da igiyar nan ya yi aure, da ita ya aurar da 'ya'ya mata uku. Bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

"Da za a ara mini naka yini guda," ya ce, "jikokina kawai zan jera in yi ta kallo."

Kunya ta rufe ni. Ya kama hannuna, ya ɗora a kan igiyar, ya nuna mini yadda yatsa yake gane kauri tun kafin ido ya lura. Ya ce in bar hannu ya taya idon aiki.

A hanyar dawowa ban bar komai ba sai da na kalla: rumbuna, shanu, matan da ke sussuka, har balbela.

Washegari na riga Kawu zuwa zaure. Na koyi tallafe zare da ɗan yatsa in kawo allurar gare shi, na koyi karkata kai, na koma zama a bakin ƙofa inda haske ya fi. Na soki kaina ba adadi. Bayan wata bakwai na gama wata riga mai adon aska takwas ni kaɗai, tun daga zane har ƙarshe.

Ranar da mai rigar, wani falke, ya zo karɓa, ya shimfiɗa ta a tabarma ya ƙura mata ido. Can ya fara yi wa Kawu kirari, yana cewa tsufa bai taɓa hannunsa ba. Maƙwabta suka leƙo, zaure ya cika.

"Alhaji, ka yi kuskuren wanda za ka yaba," in ji Kawu. "Ban sa mata allura ba. Ga wanda ya ɗinka ta nan."

Alhajin ya dube ni, ya dubi rigar, ya ce to nasa biyu na Sallah ma ni zan yi. Kafin in amsa labari ya shiga cikin gida, na jiyo innata ta rangaɗa guɗa.